Awo Kafin Yanka: Yadda Ake Tattara Buƙatun Jama'a Kafin a Ƙera Manhajar Bin Sawun Kaya

Gabatarwa

Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga. Idan ya yanka kafin awo, ko rigar ta matse ko ta yi yawa, yadi kuma ya riga ya lalace. Haka abin yake ga masu ƙera manhajar bin sawun kaya. Awonsu shi ne tambayar mutanen da za su yi aiki da ita. Wannan aiki shi ake kira tattara buƙatu.

Wataƙila kuna riƙe da makullin mangazar ƙauyenku, ko kuna cikin kwamitin kula da asibiti ko na bankin cimaka. Wataƙila kuna ɗaukar kaya a amalanke ko a babur, ko kuwa ku iyaye ne masu kai yaro asibiti kowane mako. Wata rana baƙi za su zo da littafi da alƙalami su ce za a kawo sabon tsari na waya, suna son jin ta bakinku. Wannan darasi zai nuna muku abin da suke nema, abin da ya kamata ku faɗa musu, da tambayoyin da ya dace ku ma ku yi musu.

Mene ne bin sawun kaya?

Bin sawun kaya shi ne a san amsar tambayoyi huɗu a kowane lokaci: wane kaya aka aiko, nawa ne, ina yake yanzu, kuma a hannun wa yake. An daɗe ana yin wannan da takarda. Direba yana riƙe da takardar rakiyar kaya, mai karɓa ya ƙirga ya sa hannu, mai mangaza ya rubuta a katin ajiya. Takarda tana aiki, amma tafiyarta na da nawa. Kafin rahoton ƙauye ya kai babban gari, wata guda kan wuce.

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake sa wa kwamfuta ko wayar salula don ta yi wani aiki. Manhajar bin sawun kaya tana karɓar labari daga kowane zango, ta tara shi wuri guda, ta nuna wa mai aikawa da mai jira inda kaya yake. Manhaja ba ta san komai da kanta ba. Abin da masu ƙera ta suka fahimta, shi kaɗai take yi.

Doguwar hanyar katon guda

Bari mu ɗauki misalin kayan da iyaye da yawa a jihar Maradi suka sani, wato abincin maganin tamowa da ake kira Plumpy'Nut. An ƙirƙiro shi a Faransa a 1996. Ana yin shi da gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki. A matsalar abinci ta 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, da yawansu a jihar Maradi, kuma mafi yawa sun ci wannan abinci a gidajensu. A shekarar ne kamfanin STA ya fara yin shi a Yamai.

Kowane ƙunshi yana da nauyin giram 92. Katon guda yana ɗauke da ƙunshi 150, kusan abin da yaro ɗaya ke buƙata daga farkon magani har ya warke. Saboda haka duk katon da ya ɓace a hanya, maganin yaro guda ne ya ɓace.

Ku duba hanyar da yake bi. Daga Yamai zuwa Maradi fiye da kilomita 600 ne a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Daga Maradi zuwa Tasawa fiye da kilomita 100. Daga mangazar gundumar Tasawa sai a raba kaya zuwa asibitocin karkara da ake kira CSI. Ƙaramar hukumar Hawandawaki tana kudancin gundumar, kusa da iyakar Najeriya, ba a bakin babbar hanya ba. Haka ma Mayahi, wadda ke arewa da hanyar. A zangon ƙarshe kaya kan bar babbar mota ya hau ƙarama, ko babur, ko amalanke. Kowane zango hannu ne sabo, ƙirga sabo, sa hannu sabo.

Kayan da ke zuwa daga ƙetare hanyarsu ta fi haka tsawo, domin Nijar ba ta da teku. Shekaru da yawa jiragen ruwa suna sauke kayan Nijar a Kwatano, motoci su bi ta Malanbil da Gaya da Doso. A ƙarshen Yuli 2023 aka rufe iyakar Nijar da Binin, sai kaya da yawa suka koma bin Lome ta ƙasar Togo, su ratso Burkina Faso. Iyakar Najeriya ma an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Manhajar da aka ƙera a kan hanya ɗaya tak, ranar da hanya ta canja ta zama makauniya.

Irin wannan sarƙa ce ke kawo sauran kayan jama'a: magungunan da ofishin ONPPC ke sayowa, hatsin da OPVN ke ajiyewa don sayarwa da rahusa, gidan sauro, taki da iri.

Me ake nufi da buƙata?

Buƙata ita ce magana guda bayyananniya game da abin da manhaja za ta yi wa wani mutum. Iri biyu ce.

Ta farko ta shafi aikin kansa. Misali: manhaja ta sanar da mai mangaza ranar da mota ta taso. Ta ba shi damar rubuta adadin da ya karɓa. Ta yi gargaɗi idan magani ya kusa lalacewa.

Ta biyu ta shafi halin da za a yi aikin a ciki. Misali: ta yi aiki a ƙaramar waya mai madannai. Ta yi aiki inda babu rezo, wato layin sadarwa. Ta yi magana da Hausa. Kada ta ci kuɗin mai aikawa.

Masu ƙera manhaja kan iya hasashen iri na farko daga ofishinsu. Iri na biyu kuwa sai mazaunin wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su wa ya kamata a tambaya?

Duk wanda kaya ke bi ta hannunsa, da duk wanda rashin kayan ke cutarwa:

- mai kula da babbar mangaza da mai kula da ƙarama;
- direba, yaron mota, ƴan dako da mai amalanke;
- shugaban asibiti da ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye;
- ƴan kwamiti, musamman ma'aji da magatakarda;
- maigari da ma'aikatan ƙaramar hukuma;
- iyaye mata, domin su ne ke yin tafiyar ƙafa su tarar babu kaya.

Idan shugabanni kaɗai aka tambaya, manhaja za ta iya tsara rahoto mai kyau, amma ta wahalar da mai shigar da labari. Mai shigar da labari kuwa in ya gaji ya daina, rahoton ya mutu. Ku nemi a zauna da mata daban, da ƙananan ma'aikata daban, domin mutum ba ya faɗin matsala a gaban maigidansa.

Matakai shida na tattara buƙatu

1. *Zana hanyar kaya.* Ku zana a ƙasa ko a allo. Ku sa dutse a kowane zango. A kowane dutse ku faɗi wanda ke bayarwa, wanda ke karɓa, takardar da ake cikawa, da kwanakin da kaya ke yi a wurin.

2. *Gani da ido.* Ku gayyaci masu tambaya su zo ranar sauke kaya. Abin da mutum ke faɗi a taro daban, abin da hannunsa ke yi daban. A nan za su ga cewa mota kan iso da dare, ko cewa mai makulli yana gona, ko cewa ana ƙirga kaya da fitilar waya.

3. *Duba takardun da ake da su.* Ku fito da katin ajiya da takardar rakiya da littafin kwamiti. Layin da kullum ake bari babu rubutu, alama ce ba a fahimce shi ba ko ba shi da amfani. Abin da kuke rubutawa a gefen takarda don babu gurbinsa, wannan buƙata ce da aka manta.

4. *Ba da labarin ranar da abu ya ɓaci.* Kada ku tsaya a kan yadda aiki ke tafiya in komai lafiya. Ku faɗi ranar da kaya ya zo da giɓi, ranar da ruwa ya jiƙa katon, ranar da aka kai kayanku wani ƙauye, ranar da kuka ara daga asibitin maƙwabta. Manhajar da ba ta da wurin rubuta aro da asara, tana tilasta wa mai gaskiya ya rubuta abin da ba haka ba.

5. *Jera buƙatu bisa muhimmanci.* Kuɗi da lokaci ba za su isa a yi komai ba. Ku kasa buƙatu kashi uku: wajibi, mai amfani, da wanda zai iya jira. Kowa ya ɗauki tsakuwa goma ya raba a kan abin da ya fi damunsa.

6. *Gwaji kafin ƙira.* A zana fuskar waya a takarda, a ba ku ku gwada kamar da gaske. Inda kuka tsaya kuna ruɗewa, nan ne gyara yake. Gyaran zane a takarda ba ya cin komai. Gyaran manhajar da aka riga aka raba wa mutum ɗari yana cin kuɗi da watanni.

Abubuwan da ku kuka fi kowa sani

*Awo.* A ofis ana lissafi da tan da kilo. A kasuwa ana lissafi da buhu da tiya, a gona da dami. Tiyar hatsi kusan kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma kusan tiya 40. A asibiti, mai aikawa yana ƙirga katon, mai rabawa yana ƙirga ƙunshi. Idan wani ya rubuta 30 yana nufin ƙunshi, manhaja ta ɗauka katon ne, za ta nuna akwai ƙunshi 4,500 a wurin da maganin yaro ɗaya ma bai cika ba. Ku nemi a sa hoton katon ko na ƙunshi kusa da gurbin lamba.

*Kuɗi.* Bahaushen Nijar yana ƙirga da dala. Dala ɗaya faran 5 ce, dala ashirin faran 100, jika ɗaya faran 1,000. A garuruwan bakin iyaka naira ma tana yawo. Dole a yanke tun farko da wane lissafi za a rubuta kuɗin dako.

*Sunayen wurare.* Gari ɗaya kan sami rubutu biyu: Tasawa a rubutun Hausa, Tessaoua a takardun gwamnati. Ƙauyuka da yawa kuma sunansu ɗaya. Ku nemi kowane wuri ya sami lambarsa, kuma a nuna muku jerin sunayen ku gyara.

*Harshe da haruffa.* Gajeren saƙo na SMS yana ɗaukar haruffa 160. Da zarar an sa harafi mai lanƙwasa, kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70 kawai. Wasu tsofaffin wayoyi ma ba sa nuna su. A gwada saƙon a irin wayarku, ba a irin wayar baƙo ba.

*Rezo da caji.* Ku faɗi inda ake samun layi da inda ba a samu, da kamfanin da ke kamawa a ƙauyenku. Kusa da iyaka waya kan kama layin Najeriya. Ku faɗi inda kuke cajin waya da abin da kuke biya. Inda layi ke yankewa, ana buƙatar manhajar da za ta ajiye labari a cikin waya, ta aika da kanta idan layi ya dawo.

*Mai waya.* A gidaje da yawa waya ɗaya ce, kuma tana aljihun maigida. In ya tafi ci-rani, ta tafi. Ku faɗi haka a fili.

*Lokaci.* Tamowa da zazzaɓin cizon sauro suna yawaita da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanya ta lalace, kowa kuma yana gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar maganin rigakafin zazzaɓi na damina a 2012, Nijar ta fara bayarwa a 2013. Ana ba yara masu wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Irin wannan kaya in ya makara da mako biyu, zagaye guda ya wuce. Don haka bai isa manhaja ta ce kaya yana hanya ba. Sai ta faɗi ranar isowa, ta kuma yi kira idan ranar ta wuce.

Lambobi uku da ba a rabuwa da su

Masana harkar kaya sun yarda cewa lambobi uku ne ginshiƙi: abin da ke cikin mangaza yanzu, abin da aka raba, da abin da ya lalace ko ya ɓace. Da su ake sanin kwanakin da kaya zai kai. Misali, idan asibiti yana raba katon 20 a wata, kuma akwai katon 30, kayan wata ɗaya da rabi ke nan. Idan sabon kaya yana ɗaukar wata guda kafin ya iso, lokacin nema ya yi.

Ku ƙara da lambar rukuni da ranar lalacewa, waɗanda ke rubuce a jikin katon. Ƙa'ida ita ce, wanda zai riga lalacewa shi ake fara fitarwa. Kowace tambaya da aka ƙara a kan waɗannan, ku nemi a gaya muku wanda zai yi amfani da amsarta.

Abin da aka koya a wasu wurare

A 2008, hukumar UNICEF ta yi amfani da tsarin RapidSMS a Habasha don bin rabon Plumpy'Nut lokacin fari. A 2009 aka yi amfani da shi a jihar Kano don bin rabon gidan sauro. Duka biyun da gajeren saƙo aka yi su.

A Tanzaniya, daga 2009 zuwa 2010, an gwada shirin SMS for Life a asibitoci 129 cikin gundumomi uku. Sau ɗaya a mako ma'aikaci ke aika adadin maganin zazzaɓin da ya rage, da wayarsa ta kansa, zuwa lambar da ba a biya. A makon farko, kashi 78 cikin 100 na asibitocin sun rasa aƙalla iri ɗaya na maganin. A mako na 21 sun koma kashi 26. Tambaya kaɗan ce, waya ta kowa ce, kuma akwai jami'in gunduma da ke duba amsa ya motsa kaya.

A 2010 ƙungiyar PATH ta fitar da kundin buƙatun da tsarin bin kayan lafiya ya kamata ya cika, bayan zama da ma'aikata a ƙasashe irin su Senegal da Kenya. Hanyar da suka bi ita ce a fara bayyana aiki mataki-mataki, sannan a yi maganar na'ura.

A nan Nijar, shirin ABC da ƙungiyar CRS ta fara a 2009 a jihohin Doso da Damagaram ya koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci amfani da wayar salula. Waɗanda suka koya da waya sun fi takwarorinsu ci gaba a rubutu da lissafi. Karatun da kuke yi yanzu shi ne makullin irin wannan aiki.

Yadda ake faɗin buƙata mai kyau

Buƙata mai kyau tana faɗin mutum, da abin da yake so, da dalili, kuma ana iya gwada ta a ga ko an cika.

Maras ƙarfi: Muna son tsari mai sauƙi.

Mai ƙarfi: Ni mai mangaza ina son saƙo da Hausa ranar da mota ta taso daga Tasawa, mai faɗin yawan katon, don in tanadi ƴan dako da wurin ajiya.

Maras ƙarfi: A daina kawo kaya da giɓi.

Mai ƙarfi: Idan takarda ta ce katon 40, na ƙirga 38, ina son in rubuta 38 a gaban direba, mu duka mu shaida, kuma saƙo ya kai gunduma a ranar.

Buƙata ta biyun nan tana kare mai karɓa, tana kare direba, tana kuma nuna zangon da katon biyu suka tsaya. Katon biyu ƙunshi 300 ne, maganin yara biyu.

Tambayoyin da za ku yi wa baƙi

- Wa zai ga abin da muka aika, kuma cikin kwana nawa zai amsa?
- Wa zai biya kuɗin saƙo da na caji?
- Za mu bar takarda, ko aiki biyu za mu riƙa yi?
- In waya ta ɓace ko ta lalace, yaya za a yi?
- In na yi kuskuren lamba, zan iya gyarawa ba tare da an zarge ni ba?
- Za a rubuta sunayen marasa lafiya? Bin sawun kaya ba ya buƙatar sunan yaro ko na uwarsa.
- Idan shirinku ya ƙare, wa zai ci gaba da kula da manhajar?
- Yaushe za ku dawo ku karanta mana abin da kuka rubuta?

Ta ƙarshen nan kada ku bari ta wuce. A karanta muku jerin buƙatun da Hausa, ku gyara, sannan kwamiti ya riƙe kwafi guda. Ranar da aka kawo manhaja, da wannan takarda za ku auna ta.

Ku tuna kuma cewa manhaja ba ta gyara hanya, ba ta sa mai a mota, ba ta cika mangazar da babu kaya. Aikinta ta kai labari da wuri ga wanda zai iya yin wani abu.

Aiki a aji

Ku zaɓi kaya guda da ke zuwa ƙauyenku: magani, gidan sauro, taki ko hatsin rahusa. Ku zana hanyarsa a allo daga inda kuka sani har hannun mai amfani. Ku rubuta sunan kowane zango da mai karɓa a wurin. Sannan kowane ɗalibi ya rubuta buƙata guda da ta fara da “Ni”, ta faɗi abin da yake so, ta ƙare da dalili. Ku jera su da tsakuwa, ku kwafe biyar na sama a littafin kwamiti, ku sa kwanan wata. Duk ranar da masu tambaya suka iso, sai ku buɗe musu littafin.